Wayar Wuta a Cikin Bango: Abin da Za Mu Duba Kafin a Yi Filasta

A ƙauyuka da yawa da muke ziyarta, wutar lantarki ta shigo. Wasu an kai musu turakun wuta, wasu suna da janareta, wasu kuma sun ɗora farantan sola a kan rufin majami'a, ko gidan fasto, ko ɗakin shan magani. Haka kuma ikilisiyoyi da dama suna rushe tsohon ginin ƙasa suna tayar da na bulo da siminti. Idan ginin ya kai lokacin jan waya, kusan kowa yana so a ɓoye wayar a cikin bango don ɗakin ya yi kyau. Wannan ba laifi ba ne. Wayar da aka ɓoye yadda ya kamata takan daɗe, yara ba sa taɓa ta, ɓarayi kuma ba sa yanke ta da sauƙi. Amma da zarar an rufe ta da filasta, babu wanda zai sāke ganin ta. Idan an yi kuskure, kuskuren zai zauna a cikin bangon shekara da shekaru yana jiran ranar da zai fito.

A wata ikilisiya da muka taɓa yin aiki da ita, matasa suna yi wa majami'a ado ana gobe Kirsimeti. Wani yaro ya hau benci yana buga ƙusa don a rataya yadi. Sai aka ji ƙara, tartsatsi ya tashi, yaron ya faɗo ƙasa da ƙuna a hannu. Allah ya kiyaye, ƙotar gudumar ta itace ce, bencin kuma a bushe yake. Da aka fasa bangon sai aka tarar mai aikin wuta ya ja wayar a karkace, daga makunni zuwa soket, don ya rage yadi kaɗan na waya. Bai sa bututu ba, wayar tana kwance cikin siminti kawai. Tun da ba wanda ya san inda sauran wayoyin suka bi, sai da aka farfashe filastar rabin bangon. Kuɗin gyaran ya ninka abin da aka yi tsammani an rage sau da yawa.

Mun rubuta wannan bayani domin kwamitocin gini, da dattawan ikilisiya, da kowane maigida da ke shirin jan wuta. Ba mu ce ku ja wayar da kanku ba, wannan aikin gwani ne. Muna so dai ku san abin da za ku tambaya da abin da za ku duba tun bangon yana buɗe.

Me ke lalata waya a cikin bango?

Wutar da ke shigowa gidajenmu a Nijeriya tana da ƙarfin bolt 230. Abin da ya raba wannan wuta da jikin mutum shi ne 'yar robar da ke lulluɓe da jan ƙarfen wayar, wadda kaurinta bai kai na ashana ba. Duk abin da ya huda robar nan ko ya cinye ta ya buɗe ƙofar haɗari.

Na farko shi ne ƙusa da injin huda bango. Kaurin filasta yakan kai rabin inci ko fiye kaɗan, alhali ƙusar da muke rataya agogo ko kalanda da ita inci biyu ce ko uku. Wani lokaci ƙusar takan goge robar kawai, wutar ba ta ɗauke ba, ba wanda ya san an yi ɓarna. Daga baya, idan damina ta zo bango ya jiƙe, sai a ji bango ko ƙofar ƙarfe tana jan mutum.

Na biyu shi ne aikin ginin kansa. Bakin cokalin birkila da kaifin fasasshen bulo suna iya yanka robar tun ranar da ake filasta.

Na uku shi ne danshi. Ruwan da ke yoyo daga rufi ko wanda ke tasowa daga ƙasa yana shiga duk inda aka haɗa waya biyu, ya sa wurin ya yi tsatsa. Mahaɗar da ta yi tsatsa ko ta yi sako-sako tana ɗaukar zafi, zafin kuma yana iya zama gobara.

Na huɗu su ne ɓera da gara. Ɓera yana gaigayar waya a cikin silin da duk ramin da ya samu, gara kuma tana bin hanyar waya tana cika akwatunan soket da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na biyar shi ne ɗora wa waya kayan da suka fi ƙarfinta. Wayar da aka ja domin ƙwai biyu, in aka jona mata dutsen guga da abin dafa ruwa, za ta yi zafi. A waje za a ji ɗuminta a ga ta canja launi. A cikin bango ba mai gani.

Kowace waya ta bi ta cikin bututu

Kada mu yarda a binne waya tsirara cikin siminti. Sai a fara shimfiɗa bututun roba, wanda masu aiki ke kira faif, daga akwati zuwa akwati, a yi filasta, sannan a zura wayar. Faif ɗin da aka fi amfani da shi a gidaje mai faɗin milimita 20 ne ko 25. Amfaninsa biyu ne. Yana kāre wayar daga siminti da danshi da cokalin birkila. Kuma idan waya ta ƙone bayan shekaru, ana iya zaro ta a zura sabuwa ba tare da an fasa bango ba.

Ga abubuwan da za mu lura da su:

A sayi faif mai ƙwari wanda aka yi domin wuta. Tiyon ba da ruwa ko faif mai laushi da ke lotsewa in an matsa shi da yatsa ba zai yi ba.

Faif ɗin ya tafi a haɗe tun daga wannan akwati har zuwa wancan, a manne mahaɗansa da gam, ya kuma shiga cikin akwatin sosai. Mun sha ganin inda aka sa faif a tsakiya, aka bar taƙi guda na waya a fili kusa da soket.

Kada a cika faif da waya. Wayoyin su ci ƙasa da rabin cikinsa. Idan aka cusa su da ƙarfi robar tana gogewa, kuma suna ɗumama juna.

Kada kwana mai kaifi ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati, in ba haka ba jan wayar zai yi wuya har a ji mata rauni.

Kada a haɗa waya da waya a cikin faif. Kowace mahaɗa ta kasance cikin akwati mai murfi wanda za a iya buɗewa. Wayar da aka murɗe aka naɗe da tef aka binne, wata rana za ta ba da matsala.

A toshe bakin faif da takarda kafin filasta don kada siminti ya shiga.

Sai dai akwai abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: faif na roba ba ya tare ƙusa. Ƙusar siminti tana huda shi kamar yadda take huda kara. Saboda haka faif kaɗai bai isa ba. Abin da ke hana ƙusa samun waya shi ne mai buga ƙusar ya san inda wayar take.

Waya ta bi hanyar da kowa zai iya ganewa

Tsarin jan wuta da ake koyarwa a Nijeriya ya samo asali ne daga na Ingila, shi ya sa soket ɗinmu mai ƙafa uku iri ɗaya ne da nasu. A ƙa'idarsu, wayar da aka binne a bango wadda zurfinta bai kai milimita 50 ba, wato inci biyu, tana da wuraren da aka yarda ta bi:

Daga makunni ko soket, ta miƙe sama sak ko ƙasa sak, ko ta tafi a kwance sak zuwa dama ko hagu.

Tana iya bin saman bango, cikin inci shida daga silin.

Tana iya bin kusurwar ɗaki, cikin inci shida daga inda bango biyu suka haɗu.

Hikimar a fili take. Duk wanda ya ga soket ya san akwai waya a samansa ko ƙasansa ko gefensa, sai ya kauce wa waɗannan layuka. Sauran bangon kuwa yana iya buga ƙusarsa hankali kwance. Amma in aka ja waya a karkace, ko aka zagaya da ita ta tsakiyar bango inda babu soket ko makunni, an haƙa wa na baya rami ke nan. Idan tilas ne waya ta bi wani wuri dabam, sai a sa ta cikin bututun ƙarfe wanda aka haɗa shi da wayar ƙasa, ko a binne ta fiye da inci biyu ta kowane ɓangaren bangon.

Mu tuna kuma bango fuska biyu gare shi. Soket ɗin da ke cikin ofishin fasto, wayarsa tana cikin bangon da ya raba ofishin da majami'a. Kafin a buga doguwar ƙusa, a leƙa ɗaya gefen.

Miƙaƙƙiyar hanya tana cin waya fiye da karkatacciya. Mu biya wannan ɗan ƙarin da farin ciki, mu kuma gaya wa mai aikin tun farko cewa haka muke so.

Kada a raunana bangon

Mafi kyau shi ne mai aikin wuta ya zo tun ana ɗora bulo, ya bi da faif ta cikin ramukan bulon. In an riga an gama gini, dole a sassaƙa hanya a jikin bangon. A nan ma akwai iyaka. Hanyar da ta miƙe sama kada zurfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon. Wadda ta tafi a kwance kada ta wuce kashi ɗaya cikin shida, domin ita ce ta fi raunana gini. A bulo mai inci shida, wannan inci biyu ke nan a tsaye, inci ɗaya a kwance. Bulo mai rami kuwa fatarsa ba ta da kauri, doguwar tsaga a kwance tana iya kusan raba shi biyu. Kada a sassaƙa fuskoki biyu na bango daidai da juna, kada kuma a taɓa ginshiƙi ko lintal mai rodi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa da gara.

Idan ginin na ƙasa ne

Yawancin gidajenmu har yanzu na ƙasa ne. Shawararmu ita ce kada a binne waya a bangon ƙasa. Bangon ƙasa yana shan ruwa da damina, yana tsagewa da rani, gara tana zama a cikinsa, kuma kowace shekara ana kankare shi ana sabon yaɓe. Mai yaɓen ba zai san akwai waya ba. A irin wannan gini a bi da faif ko kwararon roba mai murfi a kan fuskar bangon, a kafe shi da kyau, a kuma bi miƙaƙƙiyar hanya kamar yadda muka faɗa. Ba zai yi kyan gani kamar ɓoyayye ba, amma ido yana kansa kullum. A ɗakin da ke da rufin ciyawa ko zana, kada waya ta taɓa rufin. Inda waya ta ratsa kusa da kwanon rufi ma a sa mata faif, gama bakin kwano yana yanka roba.

Wayar da za a binne ta zama ta ƙwarai

Tun da wayar za ta zauna a bango shekaru masu yawa, nan ne bai kamata a nemi araha ba. Bisa al'ada ana jan fitilu da fanka da waya mai lamba 1.5, soket kuma da mai lamba 2.5. Kayan da ke cin wuta sosai, kamar murhun lantarki ko na'urar sanyaya ɗaki, suna bukatar waya mai lamba 4 ko 6 da layinsu dabam. Siririyar waya mai laushi irin ta rediyo ba ta shiga bango.

Akwai jabun waya a kasuwa. Wata alminiyon ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A kankare bakin wayar da wuƙa: in cikinta ya fito fari, ba jan ƙarfe ba ce. Wata kuma lambar da aka rubuta a jikinta ta fi kaurinta na gaskiya. A duba sunan kamfani da lambar da aka buga a jikin robar, da alamar hukumar SON mai kula da ingancin kaya, a kuma sayi waya a shagon da za a iya komawa. Yana da kyau mutum ɗaya daga kwamiti ya raka mai aikin zuwa kasuwa, a karɓi rasit.

Launin waya ma yana da ma'ana. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce mai mayarwa, kore kuma ita ce wayar ƙasa. A sabon tsari, wanda Ingila ta koma kansa tsakanin 2004 da 2006, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya mai mayarwa, mai ratsin kore da rawaya ita ce ta ƙasa. Ana samun iri biyun a kasuwanninmu. A zaɓi tsari ɗaya a bi shi a dukan ginin. Kada a bar wayar ƙasa don rage kuɗi. Ta kai ga kowane soket, ta kuma ƙare a sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa mai danshi.

Na'urar da ke ceton rai

Ko an bi dukan ƙa'ida, wata rana wani zai buga ƙusa inda bai kamata ba. Fis da bireka na yau da kullum an yi su ne don su kāre waya daga ƙonewa. Fis ɗin da ke cikin kan soket na amfiya 13 ne, alhali wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba tana iya tsayar da zuciyar mutum. Ke nan mutum zai iya mutuwa fis bai ko ɗumama ba.

Akwai wata na'ura da ake sawa a akwatin rarraba wuta, ana rubuta RCD ko RCCB a jikinta. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga wata ta zurare, ko ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ta katse wutar cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A nemi wadda aka rubuta 30mA a kanta. Tun 2008 ƙa'idar Ingila ta wajabta irin wannan na'ura ga yawancin wayoyin da aka binne kusa da fuskar bango a gidaje. Tana da ɗan maɓalli na gwaji. A danna shi aƙalla sau biyu a shekara, misali lokacin Ista da lokacin godiyar kaka. In wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta lalace. In kuma tana yawan katse wuta da kanta, tana gaya mana akwai ɓarna a wani wuri. A nemo ɓarnar, kada a cire na'urar.

Inda akwai janareta ko sola, a tabbata wutarsu ma tana bi ta wannan na'ura, a kuma sa makunnin canji wanda ke raba su da wutar layi. Kada wani ya ce an ɗauke wuta don haka bango ba haɗari. Inbata tana ba waya wuta dare da rana.

Ranar dubawa

Har yanzu muna cewa NEPA, ko da yake sunan ya canja tun 2005, kuma tun 2013 kamfanonin rarraba wuta ne ke kawo ta. Aikinsu yana tsayawa a mita. Abin da ke cikin bango nauyin mai gini ne. Saboda haka a nemi mai aikin da ya ƙware. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, tana ba masu jan wuta takardar shaida, kuma ba rashin kunya ba ne a ce a nuna ta. Idan ɗan ikilisiya ne ya ba da kansa kyauta, mu gode masa, amma mu duba aikinsa kamar na kowa. A je a ga wani ginin da ya yi a baya.

Sannan a sa rana ɗaya, bayan an shimfiɗa faif amma kafin birkila ya fara filasta, kwamiti ya zagaya kowane ɗaki tare da mai aikin. A bi kowane faif da ido daga farko zuwa ƙarshe. A ɗauki hoton kowane bango da wayar hannu. A zana hanyoyin a takarda, a yi kwafi biyu, ɗaya a ofishin ikilisiya, ɗaya a liƙa kusa da akwatin rarraba wuta. Fastoci suna canja wurin aiki, 'yan kwamiti suna sauka, mai aikin wuta yana iya ƙaura, amma takarda za ta zauna. Kada a biya sauran kuɗin aiki sai an auna wayoyin da na'ura an ga lafiyarsu.

Wata dabara mai sauƙi ita ce a kafa dogon katako a jikin bango, a wurin da aka tabbata babu waya, domin rataye ado da sanarwa. Daga nan sai a kafa doka cewa ba a buga ƙusa a bangon majami'a sai a kan katakon.

Idan ginin ya riga ya tsufa

Da yawa cikinmu mun gāji gini ne wanda ba mu san yadda aka ja wutarsa ba. Kafin a huda bango a kashe wuta daga babban makunni, a kashe inbata da janareta, a kauce wa layin kowane soket da makunni. A kira gwani nan da nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu: warin ƙonewar roba, soket da ya yi baƙi ko yake zafi, wani wuri a bango da ya yi ɗumi, bango ko taga da ke jan mutum da damina, fitila da ke rawa ba dalili, ko bireka da ke yawan faɗuwa.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni. In ba a iya kai wa gare shi ba, a tsaya a busasshen wuri a ture mutumin da busasshiyar sanda. A kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. Kada a zuba ruwa a kan gobarar lantarki sai an katse wutar. Ya kamata kowane babba a ikilisiya, mata da maza, ya san inda babban makunnin yake.

Tambayoyi domin tattaunawa

Wa ya san hanyar da wayoyi suka bi a majami'armu da gidan fasto? Akwai zane?

Muna da na'urar RCD? Yaushe aka gwada ta?

Su wa ke buga ƙusa a bangonmu lokacin biki da taro, kuma wa ya taɓa yi musu bayani?

Idan muna gini yanzu, wace rana za mu sa domin dubawa kafin filasta, kuma su wa za su je?